Injin da Na Zaɓa da Kunne

Kuɗin da na tafi Abuja da su, kuɗin injin markaɗen Inna ne. Kai Nura ba ka san injin nan ba, lokacin kana goye. Yana nan ƙofar gidanmu a Angwan Iya, ƙarƙashin rumfar kwano, in aka tayar da shi sai an ɗaga murya ake gaisawa har bakin titi. Da shi ta ciyar da mu bayan rasuwar Baba. Ranar da ta sayar wa wani mutumin Gitata, aka ɗora shi a bayan a-kori-kura, ƙin fitowa ta yi. Sai da motar ta tafi ta kira ni ɗaki, ta kwance bakin zane ta miƙo mini, ta ce, "Ɗanjuma, ni dai kada in ji an kira sunanka a wurin abin kunya." Na cusa su a aljihun ciki na maƙale da fil, washegari na hau mota.

Ajiye wayar nan, Nura. Kai da abokinka Bulus kun zo kuna nuna mini hotunan injin goge mota, wai in zaɓa muku na fara sana'a, alhali tun kafin in buɗe baki kun riga kun dangwala yatsa a kan babban. Kuma ɗazu ina jin ku kuna yi wa motar Malam Audu dariya, kuna cewa me ya sa duk Asabar Kawu yake barin motocin masu kuɗi ya goge akwalar nan da hannunsa, ko sisi ba ya karɓa. To amsar duka biyun ɗaya ce, sai ku gyara zama.

Mu da muke cewa mun tafi Abuja, ai a Mararaba muke kwana. Abuja wurin aiki ce kawai, da yamma ta tofar da mu. Na samu ɗaki a wani gida mai ɗakuna goma sha biyu da banɗaki ɗaya, na kuma samu aikin wankin mota a cikin gari, wurin wani da muke kira Oga. Kuɗin Inna ban taɓa su ba, na rantse sai a kan abin da zai zama nawa. Shekara biyu ina wanke taya, hannuna ya yi fari fat saboda sabulu.

A wurin Oga na fara ganin abin. Akwai wani gaye da yake zuwa da jaka da inji, ya saka safar hannu kamar likita, ya yi ta shafa mota har ka ga haƙoranka a jikin ƙofa. Shi ba ya cewa wanki, wai ditelin yake yi. Ditelin fa. Mu in muka ce folish sai ya yamutsa fuska. Amma abin da yake karɓa a mota ɗaya, ni sai in yi mako ban gan shi ba. Na samu Oga na ce ya sa a koya mini.

"In ka koya, wa zai wanke mini taya?"

"Oga, ai ba a kan taya aka haife ni ba."

"To je ka inda aka haife ka."

Na ajiye masa soso da bokiti a gabansa na fita. Kun san ni da zuciya, a lokacin ma ta fi haka.

Mutum ɗaya ne ya ce mini na yi daidai, shi ne Malam Audu. A wurin mai abinci muka haɗu, bayan wani babban ofis, ya ji ina rigima a kan nama ya ce, "Wannan bakin na Keffi ne." Shi mutumin Garaku ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, tun daga ranar yake kirana ƙanena. Direba ne, shekara goma sha ɗaya yana tuƙa wata babbar ma'aikaciya da kowa yake kira Madam. 'Ya'yansa biyar duk suna makaranta, duk a kan albashin nan. Motar da yake ja baƙa ce wuluk, ta marigayi mijin Madam, kuma wuri ɗaya tak ta yarda a riƙa kai ta wanki. Ku riƙe wannan.

Na cire fil daga aljihu na nufi kasuwar kayan aiki. Shagon da aka nuna mini na wani dattijo ne, Baba Sande, tsohon mai fentin mota, tari ya kore shi daga sana'ar ya koma sayar da kaya. Ya ɗauko inji biyu ya ajiye a kan tebur. Ɗaya babba ne mai nauyi, kamar injin da masu walda suke yanka ƙarfe da shi, kansa yana juyawa a wuri ɗaya. Ɗayan ƙarami ne, kansa yana juyawa yana kuma rawa gefe da gefe.

Ya kunna ƙaramin. Wani ɗan gurnani ya yi, kamar firji. Na karɓa na danna shi a kan katako da ƙarfina, sai kan ya tsaya da juyawa, rawar kawai yake yi.

Na ce, "Baba, wannan ai rago ne. Daga dannawa ya sare."

Ya ce, "Haka aka yi shi. In ka danna fiye da ƙima sai ya ƙi, don kada ka cuci mota. Ka taɓa riƙe inji?"

"A cikin inji na girma."

"Wane iri?"

"Na markaɗe."

Ya dube ni ya yi tari, bai yi dariya ba. Na ce ya kunna babban. Ai kuwa yana kunnawa shagon ya ɗauka, gwangwanaye suna rawa a kan kanta, iskarsa tana kaɗa mini riga. Wallahi sai na ji kamar ina ƙofar gidanmu. A wurinmu da kunne ake sanin inji. Inna tana daga cikin ɗaki za ta ce bel ya saki ko dutse ya cinye, kuma injin da ba ya ƙara, a wurinta mara lafiya ne. Na ce a raina, mun sayar da inji mai murya, ba zan musanya shi da abin wasan yara ba.

Baba Sande ya ce, "Yaro, ji nan. Fentin mota, abin da yake sheƙi a sama bai kai kaurin ledar burodi ba. Wannan babban zafi yake tarawa. A hannun gwani aikinsa ba na biyu, a hannun sabo kuwa wuta ne. Fara da ƙaramin. In kuma ka nace, je ka wurin 'yan gwangwan ka sayi tsohon bonet, ka yi wata guda kana koyo a kansa kafin ka taɓa motar mutane."

Ni kuma na ɗauka ƙaramin ne ya kwanta masa yake neman kai da shi. Wai ni mai wayo. Na biya babban, na haɗa da soson gashin tunkiya da man gogewa mai yashi-yashi, na saɓa a kafaɗa na fita. Bonet ɗin gwangwan kuwa ko tunaninsa ban sake yi ba.

Ina isa Mararaba na jona shi a ɗaki don in ji muryarsa. Minti ɗaya bai yi ba wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke. Mai gidan ya fito da ɗaurin tawul yana buga mini ƙofa.

"Ɗanjuma, shagon walda ka buɗe mini a gida?"

"Kayan sana'a ne, Alhaji."

"In na sake jin sa, kai da shi za ku kwana a titi."

Yana ta faɗa, ni kuwa daɗi nake ji. Injin da ya kashe wutar ɗaki goma sha biyu, na ce lallai na sayi inji.

Na samu wuri a gindin wata katanga, kusa da mai faci, shi yake ara mini janareta. Kwana tara ina zaune, ba wanda ya tsaya. Wa zai ba baƙon fuska motarsa? Malam Audu yana zuwa ya same ni na yi tagumi, ya zauna a benci ya taya ni jira. Rana ta goma, wata Laraba, wajen sha biyu da rabi, sai ga baƙar motar ta tsaya a gabana.

Ya fito yana waige-waige. Ya ce, "Ƙanena, Madam ta shiga taro, sai ƙarfe huɗu. Ta ce in kai mota wanki inda aka saba. Na ce bari in kawo maka. In ta ga yadda ta fito, ita da kanta za ta tambayi wanda ya yi, ƙawayenta kuma duk masu motoci ne. Amma ka bi a hankali, ka san ta wace ce."

Na ce, "Yaya Audu, yau za ka ga aiki."

Kuskure uku na yi kafin in ma kunna injin, yanzu nake iya lissafa su. Rana tana tsaka, baƙar mota ta sha zafi, in ka ɗora tafin hannu a bonet sai ka janye. Ban nemi inuwa ba. Na ɗaura soson gashin tunkiya, wanda ya fi kowanne ci. Sannan akwai ɗan abin murɗawa a jikin injin, daga ɗaya zuwa shida, na kai shi shida, don a nan muryarsa ta fi daɗi.

Da farko abin ya yi kyau, shi ne ma ya ruɗe ni. Tsakiyar bonet ta fito kamar madubi. Malam Audu ya leƙa ya ga hularsa a ciki, ya ce masha Allah. Mai faci ya bar aikinsa ya zo kallo. Kaina ya kumbura. Na gangaro gefe, inda bonet yake da ɗan tudu, layin nan da yake bi ta saman fitila. Akwai wani ɗan ƙarce a wurin da ya ƙi fita. A markaɗe in hatsi ya ƙi wucewa, ba ka janyewa, muciya kake sawa ka danna har muryar inji ta canza. Hannuna bai tambaye ni ba. Na kafa gefen soso a kan tudun, na danna, na tsaya a wuri ɗaya.

Wari na fara ji, kamar an jefa leda a wuta.

Na ɗaga injin. Soson da yake fari ya yi baƙi. A kan layin kuwa ga wani tabo toka-toka, tsawon yatsa, fentin ya tafi har ƙasa. Maimakon in tsaya, sai na ƙara mai na sake ɗorawa, wai ko zai rufe. Da na ɗaga, ya zama tsawon tafin hannu.

Na kashe injin. Janareta kaɗai yake ƙara. Mai faci ya juya ya koma kan tayarsa.

Malam Audu ya matso, ya sa yatsa ya shafa wurin, ya dubi yatsan. Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Bai ɗaga murya ba. Ya zauna a benci ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Zai gogu?"

"Bari in gwada da ruwa."

"Ɗanjuma, tambayarka na yi. Zai gogu?"

"Ba zai gogu ba, Yaya."

Ƙarfe biyu saura. Na tare ɗan acaɓa na je na ɗauko wani mai fenti a garejin da ke kusa. Ya duba ya girgiza kai, ya ce sai an fesa bonet ɗin gaba ɗaya, kwana uku in an yi sauri, kuma baƙin nan mai ƙyalli ne, ido mai kyau zai gane sabo da tsoho. Ya hau acaɓarsa ya tafi, ya bar mu da agogo.

A nan ne na nuna halina, kuma har yau ina jin kunyar abin da ya fito daga bakina. Na ce mu shafa baƙin man takalmi, ba za ta lura ba sai bayan kwana biyu. Ya girgiza kai. Na ce to mu ce ɗan acaɓa ne ya goge ta a danja ya gudu, ai kullum ana yi.

Ya ɗago ya dube ni. "Shekara goma sha ɗaya ban taɓa yi wa matar nan ƙarya ba. Yau na saɓa mata sau ɗaya. Kana so in cika biyu kafin la'asar?"

Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce to zan bi shi, ni na yi ɓarna, ni zan faɗa da bakina. Ya ce babu amfani. Na ce ko babu sai na je. Muka wanke sauran motar tare, muka share ta tas, don dai kada mu zauna. Ya yi sallar azahar a gefen katanga, ya daɗe a sujada. Ni ko alwalar kirki ban iya ba.

Huɗu saura kwata muna harabar ofishin. Ban taɓa jin minti sha biyar mai tsawon wannan ba. Duk ƙofar da aka buɗe sai in waiga. Ina ta tunanin 'yan sanda, ina tunanin yadda labari zai isa Angwan Iya, a ce an kulle ɗan mai markaɗe.

Ta fito da jaka a hannu, doguwar mace mai tabarau, ba ta da fara'a kuma ba ta da hayaniya. Tun daga nesa idonta ya sauka a kan bonet. Ta rage tafiya. Ta zo ta tsaya, ta cire tabarau, ta ɗora yatsu biyu a kan tabon.

Na yi wuf na durƙusa. "Ranki ya daɗe, ni ne. Ni na ƙona da inji. Shi ba ruwansa, taimakona ya yi. A ɗauki injin, a ɗauke ni aiki kyauta har a gyara, duk abin da aka yanke na yarda."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Audu, ina na ce ka kai ta?"

"Inda aka saba, ranki ya daɗe."

"Can ka kai ta?"

"A'a."

"Ka san motar wace ce."

"Na sani."

Ta daɗe tana kallon wurin. Ta ce, "Tun da ya rasu ko ƙwarzane ban bari ta yi ba. Fenti ana sake shi, Audu. Amma gobe in na ba ka makulli na shiga taro, hankalina ba zai kwanta ba." Ta miƙa hannu. Ya ɗora mata makullin da hannu biyu. Ta ce ya zo ƙarshen wata ya karɓi haƙƙinsa cikakke, ta shiga ta ja motar da kanta. Ba ta kira ɗan sanda ba, ba ta nemi ko kwabo a wurina ba. Wallahi da ta sa an kulle ni ta bar masa aikinsa, da ya fi mini sauƙi.

Muka taka har bakin titi. Ina jira ya zage ni, ko ya mare ni, in samu sauƙi. Da motar Mararaba ta tsaya sai ya ce, "Ka ci abinci kuwa yau?" A nan na fashe da kuka, ƙato da ni, a gaban kwandasta.

Bai sake samun aiki irin wannan ba. Ya nema, shekaru sun ja, kuma a garin nan in aka sallami direba kowa sai ya tambayi dalili. Kafin shekara ta zagayo ya kwashe iyalinsa ya koma Garaku. Babbar 'yarsa da take shirin shiga makarantar koyon jinya, zama ta yi. Wannan shi ne abin da ban taɓa gaya wa Inna ba har ta koma ga Allah.

Ni kuwa na saɓa injin na koma wurin Baba Sande, na dire masa a tebur na ce injinsa mugu ne. Ya ce, "Injin lafiyarsa ƙalau. A nawa ka sa shi?" Na ce shida. "A rana ko a inuwa?" Na ce a rana. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya karɓi babban ya ba ni ƙaramin, ragon nan da na raina, ya aike ni wurin 'yan gwangwan. Bonet uku na cinye a bayan shagonsa. Shi ya koya mini in fara da soso mai laushi, in manna tef a kan duk wani tudu da gefe, in riƙa taɓa ƙarfe da bayan hannu, in ya yi ɗumi in matsa gaba. Sai da na shekara biyu da ƙaramin kafin ya yarda ya sake sayar mini da babba. Shi ne wancan da yake rataye, kuma har yau ban taɓa wuce uku da shi ba.

Da motoci suka yi yawa a hanyar nan, ma'aikatan Abuja suka fara gina gidaje ta wajenmu, na tattaro na dawo Keffi na buɗe wurin nan. Alhamdulillahi, ana ci ana sha. Ranar da na kafa rumfa na hau mota na tafi Garaku. Na same shi ya haɗa kuɗi ya sayi tsohuwar mota yana jigilar doya da fasinja. Na ce ya zo mu yi aiki tare, komai rabi da rabi. Ya ce shi direba ne, ba ya son a riƙe shi don tausayi. Na yi magiya har na gaji. Da zan tafi ya ce, "In dai kana so ka yi mini wani abu, ka riƙa goge mini ita. Amma da ƙaramin."

To kun ji. Ku sayi mai rawar nan, wanda in kun danna yake ƙi. Ga tsohon bonet can a bayan tanki, ku ɗauka, kada in ga ɗayanku kusa da motar mutane sai kun cinye shi. Kai Bulus, na ga kana murmushi, kana ganin kai hannunka daban ne. Ni ma haka na gani.

Ga Malam Audu can ya karyo kwana, tun daga nan ina jin salansarsa. Nura, tashi ka ba shi kujerar nan, ka shigar da motar inuwa. Ba kai za ka goge ta ba, miƙo mini ƙaramin injin.